Kayan Taimakon Naƙasassu: Aikin da ke Kan Hakimai da Malamansu

Kayan taimakon naƙasassu su ne duk abin da ke maye wa mutum gurbin gaɓar da ta gaza, watau kamar keken guragu, da sandunan dogarawa, da ƙafar roba, da farar sandar makafi, da tabarau, da na'urar da ke ƙara wa kunne ji. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da labari cewa mutane fiye da miliyan 2,500 ne ke bukatar irin waɗannan kaya, kusan miliyan 1,000 daga cikinsu kuwa ba su samu ba.

Inda Ake Samunsu

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana yin ƙafafun roba da takalman gyaran ƙafa. Akwai babban asibitin ido da na kunne na Gwamnatin Tarayya a Kaduna. A Gindiri kuwa tun 1953 aka kafa makarantar makafi, inda ake koyar da rubutun Birel, wanda ake karantawa da yatsa. Amma duk wuraren nan suna da nisa ƙwarai ga mutumin Manga a ƙasar Zuru, balle wanda ko fita ƙofar gidansa sai an ɗauke shi.

Darasin Kano

A Kano waɗansu da cutar shan inna ta naƙasa sun haɗa ƙungiya, suna ƙera kekuna masu ƙafa uku waɗanda ake tuƙawa da hannu. Da bututun ƙarfe da kayan keke na kasuwa suke haɗa su. Amfaninsu a fili yake: keken da aka yi domin daɓen asibitin Turai ba ya jure rairayi da kwatami da taɓon damina, in kuwa ya karye babu kayan gyaransa. Wanda aka ƙera a gida, mai walda ko mai gyaran keke na kowace kasuwa ya iya tashe shi. Ko da yake a 2020 aka tabbatar an kau da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, bukatarsu kuwa ta tsawon rai ce.

Abin da Doka Ta Ce

A watan Janairu 1919 ba a san irin wannan doka ba, amma a Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa.

Aikin Hakimi da Malaminsa

1. A buɗe littafi. Malamin Hakimi ya rubuta sunan kowane naƙasasshe, da shekarunsa, da unguwarsa, da irin lalurarsa. A bi ta hannun masu unguwanni, da Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu inda akwai su. A kula ƙwarai da matan da ke cikin gida da ƙananan yara, gama su aka fi tsallakewa.

2. Kada a raba kaya sai ma'aikacin lafiya ya auna mutum. Keken da ya yi wa mutum faɗi ko ƙunci yakan jawo masa gyambo. Yaro kuwa yana girma, tilas a riƙa sāke masa awo.

3. A rubuta sunayen masu walda da masu gyaran keke na kusa, domin mai kaya ya san inda zai nufa.

4. Bayan wata shida a sāke dubawa, a ga ko kayan suna aiki, ko an jingine su, ko an sayar.

Idan Hakimi ya riƙe littafin nan sosai, duk ranar da Ƙaramar Hukuma ko wata ƙungiya ta zo da taimako, zai faɗa hannun mai bukatarsa, yaro ya tafi makaranta, babba ya kama sana'a maimakon bara.