Idon Direba Ya Kamata A Gwada, Ba Shekarunsa Ba

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Diffa, ta raba jihar Maraɗi daga yamma zuwa gabas. Ta Gidan Runji take shigowa, ta wuce Tibiri da Maraɗi, ta bi Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Kwalta guda ce, amma ita take ɗaukar manyan bas-bas, da tireloli, da ƴan kabu-kabu, da amalanken shanu mai buhunan gero ko aya, da yara masu komawa gida daga makaranta. Idan haɗari ya auku aka tarar dattijo ne a kan sitiyari, maganar da ke biyo baya sananniya ce: wannan ai ya isa hutawa, me ya sa hukuma ba ta sake gwada tsofaffin direbobi? Tambayar tana da tushe, kuma bai kamata kunyar furfura ta hana a yi ta ba. Amma a ganina an ɗora ta a kan abin da bai dace ba. Abin da ya kamata a riƙa dubawa a kai a kai shi ne idon direba da lafiyarsa, musamman mai ɗaukar fasinja, ko shekarunsa 45 ne ko 70.

Dole a fara da yarda cewa tsufa yana taɓa tuƙi, kuma ta ido yake fara shiga. Ƙofar da haske ke shiga ido tana tsukewa da shekaru, madubin da ke cikin idon yana dusashewa, har hasken da ke isa bayan idon mai shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Da rana ba a cika lura ba. Da dare ne, ko lokacin hunturu da hazo ya rufe hanya, abin yake bayyana. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki, mita 25 ke nan ta tafi, sannan birki mai kyau a busasshiyar kwalta yana buƙatar wajen mita 45 kafin motar ta tsaya. Jimla mita 70, alhali ƙaramar fitilar mota sau da yawa ba ta haska wannan nisa. To a ce amalanke ce a gaba, ba fitila ba ƙyalli, tana dawowa daga kasuwa bayan magariba, kuma fitilar tirela mai tahowa ta kashe wa direba ido. Mai yanar ido yana daɗewa kafin ganinsa ya dawo bayan irin wannan haske, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa ya zama ajalin mutanen da ke kan amalanken.

Ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa sun daɗe suna kokawa da batun, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. A Japan wanda ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa takardar tuƙi, kuma daga 2022 waɗanda suka taɓa karya wasu dokokin hanya sai sun sake gwajin tuƙin kansa. A Birtaniya mai shekara 70 yana sabunta takardarsa duk bayan shekara uku. Faransa ba ta tilasta wa mai motar gida komai saboda shekaru, amma direban bas sai ya ga likita duk shekara biyar, daga shekara 60 kuwa kowace shekara. Abin lura shi ne sakamakon. Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin direbobin birnin Melbon, inda ba a gwaji saboda shekaru, da na Sidni, inda ake yi, ba su ga gwajin ya rage haɗari ba. Amma a jihar Filorida ta Amurka, bayan an wajabta gwajin ido ga masu shekara 80 zuwa sama a 2004, mutuwar masu waɗannan shekaru a kan hanya ta ragu. Inda aka nufi takamaiman lahani an ga alamar amfani, inda aka bi ƙidayar shekaru kawai amfanin bai fito fili ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilai. Da yawa daga dattawan Gangara ko Cadakori ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Takardar da suke riƙe da ita ta alƙali ce, wadda ta ce an haife su wajajen shekara kaza, kuma kowa ya san kintace ne. Dokar da ta dogara da cika 65 ko 70 za ta tsaya ne a kan lissafin da ba shi da tabbas. Sannan cutar da ta fi yi wa direba illa a ɓoye ba ta jiran tsufa. Hawan jinin ido ya fi yawa a baƙar fata, yana iya farawa tun wajen shekara 40, ba ya ciwo, kuma gefen gani yake fara ci. Mai shi yana karanta lambar motar da ke gabansa sarai, amma ba ya ganin yaron da ya fito da gudu daga gefen hanya. Ciwon suga da hawan jini ma haka suke lalata ido a hankali. Idan aka jira sai mutum ya yi furfura kafin a duba shi, an bar shi ya yi shekara ashirin yana ɗaukar rayuka da rabin gani.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne duk mai tuƙin haya, bas ko tirela ko ƙaramar motar kasuwa, a duba masa ido da hawan jini da suga duk bayan wasu shekaru, a matso da lokacin idan ya haura 60, a kuma haɗa da gwajin gefen gani, ba karatun allo kaɗai ba. Za a ce wannan hanyar raba dattijo da abincinsa ce, a ƙasar da mafi yawan direbobi ba su da fansho, kuma mota ɗaya tana ciyar da gida guda. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba a ture ta da fatar baki. Amsarta ita ce kada gwajin ya zama ko ka ci ko a kore ka. Mafi yawan abin da za a gano yana da magani. Wani tabarau kawai yake buƙata. Yanar ido aiki ne na mintuna, kuma wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun yi kusan rabin haɗarin waɗanda ba a yi wa ba. Wanda dundumi ya kama ana iya taƙaita masa tuƙi zuwa rana. Tsohon direba ya san inda shanu ke tsallakawa da kwanar da ke cin mota, kuma ba ya tsere da kowa. Asara ce a zubar da wannan sani saboda abin da tabarau zai gyara.

Akwai kuma masu cewa takardar likita za ta koma abin saye, a ƙara wa talaka kuɗin da zai biya ba tare da an duba kowa ba. Tsoron yana kan hanya. Maganinsa shi ne a kai gwajin inda direbobi suke, a tasha, a gaban ƙungiyarsu, a rana sananniya, da kuɗi kaɗan da aka bayyana. Allon gwajin ido da na'urar awon jini ba sa buƙatar babban likita. Ma'aikacin jinya da aka horar a asibitin Agye ko na Gidan Runji zai iya, direban da aka ga yana da matsala a tura shi Maraɗi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, da shirin kula da lafiyar ido na ma'aikatar lafiya suna iya haɗa hannu a kan wannan.

Kuma kada batun tsofaffi ya ɗauke hankali daga inda jini ya fi zuba. A Nijar waɗanda suka haura 65 ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 suka mutu a hanyoyin duniya a 2021, nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Saurayin da ke kabu-kabu tsakanin Gazawa da ƙauyukanta, ba hular kwano, wataƙila da tiramol a jikinsa don ya jure gajiya, sau da yawa ba a taɓa gwada shi ko sau ɗaya ba, balle a yi maganar maimaitawa. Ranar da ma'aikacin jinya zai kafa allonsa a tasha, ya kamata layin ya haɗa da shi, a kuma raba wa masu amalanke ƙyallin da za su manna a bayanta kafin kasuwa ta tashi.