Mayar da Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa Wurin Zama: Ruwa Ake Fara Tunkara

A arewacin Amurka da Kanada, yawancin gidaje suna da wani faffaɗan ɗaki a ƙarƙashinsu, wanda suke kira besmen. Sanyi ne ya kawo shi. Idan hunturu ya kama, ruwan da ke cikin ƙasa yakan daskare ya kumbura, har ya ɗaga harsashin gini ya tsaga bango. Shi ya sa doka ta ce a kafa harsashi ƙasa da inda daskarewar ke kaiwa. A jihar Minnesota, zurfin ya kama daga inci 42 a kudanci zuwa inci 60 a arewaci. Tunda an riga an yi wannan haƙa, sai a ƙara kaɗan a samu ɗaki. A Florida da Louisiana kuwa, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, da wuya ka ga irin wannan ɗaki.

A besmen ake ajiye tukunyar ɗumama gida da injin wanki da tarkace. Amma da iyali suka ƙaru ko haya ta yi tsada, sai maigida ya fara tunanin mayar da shi falo ko ɗakin kwana. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su fara da zaɓen fenti da kafet, alhali babban aikin yana inda ido ba ya gani.

Kankare yana shan ruwa. Don gano inda danshi ke fitowa, magina kan manna leda a jikin bangon, su liƙe gefunanta, su bar ta kwana biyu. Idan ɗigo ya taru tsakanin ledar da bango, ruwan daga ƙasa yake ratsowa. Idan a saman ledar ya taru, iskar ɗakin ce mai danshi take zufa a jikin bango mai sanyi, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an fito da ita daga firij. Maganin na farko daga waje yake farawa: a gyara indararo, a gangarar da ƙasa ta sauka inci 6 cikin ƙafa 10 na farko daga bango, a kuma haƙa ɗan rami a ɗakin a sa famfo mai zuƙe ruwa. Na biyun kuma, a manna soso mai tauri a jikin kankaren kafin a kafa katako, a ajiye na'urar tsotse danshi don ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Wanda ya tsallake wannan, funfuna za ta cinye masa katako a ɓoye, sai wari ya tona asiri.

Sai iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Daga yuraniyom da ke cikin duwatsu take fitowa, ta kutso ta tsagar daɓe ta taru a ɗaki mafi ƙasa. A 1984 wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick da ke Pennsylvania ya tayar da na'urar gano tururin nukiliya, bincike kuma ya nuna daga gidansa ya kwaso shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta radon na jawo mutuwar mutum 21,000 a shekara ta hanyar kansar huhu, taba ce kawai ta fi ta. Ana gwada ta da ɗan ƙaramin kayan awo, idan ta yi yawa a huda daɓe a sa bututu da fanka su fitar da ita ta saman rufi.

Bayan ruwa da radon, abu na uku shi ne mafita. Dokar gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce tsayin ɗakin zama kada ya gaza ƙafa 7. Ɗakin kwana kuma dole ya sami tagar tsira mai faɗin aƙalla inci 20 da tsayin inci 24, kada bakinta ya wuce inci 44 daga daɓe. Amfanin wannan ya fito fili a ranar 1 ga Satumba, 2021, lokacin da ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwa a birnin New York. Cikin mutum 13 da suka rasu, 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ruwa ya ritsa da su, akasari a unguwar Queens.

Baƙi da ɗalibai da yawa kan kama irin waɗannan ɗakuna a Toronto da New York saboda sauƙin kuɗi. Araha dai ba ta ado. Duk wanda zai kama haya a can, ya tambayi mai gidan ko hukuma ta amince da aikin, ko an gwada radon, sannan ya buɗe tagar da hannunsa ya tabbatar zai iya fita ta cikinta.