Yawon bakin kogi daga kasuwar Katako yake somawa

Duk lokacin da sanyi ya shigo Yamai, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, akan ga ma'aikata da ƴan kasuwa suna shirin fita gari ran Asabar domin su taka bakin kogin Isa da ƙafa, su huta da ƙurar kasuwa da takardun biro. Mafi yawansu sun ƙware wajen tanadin nama da shayi da tabarma. Motar da za ta kai su ta maido su kuwa, sai an tsaya a daji ake tuna ta. Alhali wanda ya san hanya, tun ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake soma tafiyarsa, a cikin kasuwar Katako.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri, kuma zamani ya taƙaita zaɓin. A shekarun 1990 iyalai kan kwana a Tapoa, ƙofar gandun dajin W mai nisan kimanin kilomita 150 kudu da Yamai, ko su je Ayoru kallon dorina. Rashin tsaro ya sauya wannan. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tillaberi, kuma a ranar 9 ga Agustan 2020 an kashe mutum 8 a yankin Kure, inda ake zuwa kallon raƙumin dawa. Saboda haka mai hankali yakan tsaya kusa: lambunan Yantala da Gudel, gonakin shinkafa na Saga, ko ƙetaren gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, wajen Kirkisoy. Mai son ya ɗan yi nisa yakan yi tunanin Bubon, garin mata masu ginin tukwane, kimanin kilomita 25 ta hanyar Tillaberi. Amma ko can, sai an tambayi jandarmomi da direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na biyu shi ne sanin halin kogin. Isa yakan cika sau biyu a Yamai. Akwai jan ruwa na damina, a Agusta da Satumba, wanda ƙoramu ke kawowa da laka. Shi ne ya kai kimanin mita 7 a Satumban 2020, ya cinye unguwanni. Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gine, wanda yake daɗewa a fadamun Mali, ba ya cika a nan sai wajen Janairu. Ma'ana, a tsakiyar sanyi, lokacin da tafiyar ƙasa ta fi daɗi, ruwa yakan rufe wasu ƴan hanyoyin bakin gaɓa. Da bazara kuwa kogin yakan janye, har a Yunin 1985 ya daina gudu a Yamai, amma zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Tafiyar da aka soma ƙarfe 7 na safe aka gama kafin 11 ta ishi kowa. Kowane mutum ya riƙe ruwan sha aƙalla lita 3. Kada yara su shiga kwantaccen ruwa saboda tsargiya, kuma inda masunta suka ce akwai dorina, a ba ta wuri.

Abu na uku, wanda ya fi ɓata wa mutane rana, shi ne mota. A nan Katako take shigowa. Wannan kasuwa ta tsakiyar Yamai, wadda sunanta ma Hausa ne, ta yi suna da katako da kayan gini, da maƙera masu narka sanholo su zuba tukwane, da masu mai da tsohuwar taya takalmi ko guga. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan gyaran da ake kawowa daga Turai suka yi tsada ƙwarai, masu tsofaffin Peugeot 504 da Toyota suka ƙara dogara ga tsohon ƙarfe da hannun maƙeri. Kusan duk abin da matafiyi yake bukata yana nan: jarkar ruwa mai lita 20, shebur, igiya mai kauri ta jan mota, waya, da allunan katako biyu masu tsawon kamar mita guda.

Amfanin allunan nan sai an sauka daga kwalta ake ganinsa. Hanyoyin da ke gangarawa kogi suna ratsa busassun ƙoramu cike da rairayi. Idan mota ta kafe, direban da bai saba ba yakan ƙara ba ta wuta, tayoyi su yi ta haƙa har cikinta ya zauna ƙasa. Daidai shi ne a tsaya nan take, fasinja su sauka, a kwashe rairayin gaban tayoyin da shebur, a rage musu iska kaɗan, a cusa allunan ƙarƙashinsu, sannan a ja a hankali ana turawa. Wanda ya rage iska kuma, lalle ya kasance da famfo, domin taya mai laushi ba ta jure kwalta.

Ciwo na biyu shi ne zafin inji. Da allurar zafi ta hau, a kashe mota a buɗe gabanta. Kada a taɓa murfin tankin ruwan inji sai bayan kamar rabin sa'a, don tururinsa yana sale fuska da hannu. Sau da yawa laifin na bel ɗin fanka ne da ya tsinke, ko tiyon ruwa da ya tsage, shi ya sa ake tafiya da na canji. Idan kuma mota ta ƙi tashi bayan an dawo daga yawo, a fara duba kawunan batir, a kankare farin garin da ke kansu a ɗaure su tam. In mai giyar hannu ce, turi a giya ta biyu yakan tashe ta. Man kwalba na bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, yakan zo da datti ya toshe matacin mai, don haka a cika tanki a gidan mai tun cikin gari. Ƙaya kuwa ba ta ƙarewa a bakin kogi. A duba tayar ajiya da abin ɗaga mota a gida, kada a bari sai an ji fashewa.

Duk wannan ba ya maye gurbin bakanike. A kai masa motar ran Juma'a ya duba birki, buji da man inji, a karɓi lambar wayarsa. Wajen sayen tsohon kaya, a je da shi ko da samfurin abin da ya lalace, a kuma yi sharaɗin mayarwa in bai yi daidai ba. Araha ba ta ado: jikkar da aka rage a kasuwa, ita ake biya ninki-ninki ga mai kamiyon da zai jawo motar daga daji.

Saura takardu da sallama. Farmi, takardun mota da katin shaida na kowa su kasance a hannu, saboda shingen jandarma na bakin gari. A gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a cika waya da caji, kuma in da hali a tafi mota biyu. A juyo tun la'asar sakaliya. Idan mota ta gagara gyaruwa rana tana faɗuwa, a kulle ta, a damƙa ta amana ga mai gari mafi kusa, a shigo da iyali cikin motar haya. Gobe da safe a koma da bakanike.