Tsakuwar Madaciya: Wadda Ke Narkewa da Wadda Ba Ta Narkewa

Da wuya a ce wa mutum sikanin ya nuna tsakuwa a madaciyarsa bai tambayi likita ko akwai maganin da zai narkar da ita ba. Tsoron wuƙa ne, kuma ba laifi ba ne. Maganin akwai shi, amma ba kowace tsakuwa yake ci ba, kuma ba ya sauri.

Hanta ce ke haɗa ruwan madaciya, kusan rabin lita zuwa lita ɗaya a kullum. Madaciya jaka ce kawai da ke ajiye shi, tana tsotse ruwan ya yi kauri, sai an ci abinci mai maiƙo ta matse shi zuwa hanji. Ta wannan ruwan jiki ke fitar da rarar kolesterol, wanda shi kitse ne, ba ya narkewa a ruwa. Abin da ke riƙe shi a narke abu biyu ne, gishirin madaciya da wani maiƙo mai suna lesitin. Su ne ke kewaye shi cikin ƙananan dunƙule su tafi da shi. To amma ɗaukarsu tana da iyaka. Kamar sukari ne a kofin shayi: in ya wuce kima sai ya kwanta a ƙasa, in aka ƙara shayin sai ya sake narkewa. Idan hanta ta zuba kolesterol fiye da abin da gishirin zai iya ɗauka, rarar sai ta daskare ta zama ƙananan ƙwayoyi, su yi ta haɗuwa tsawon shekaru har su zama tsakuwa. Ƙiba, yawan haihuwa da ramewa cikin gaggawa duk suna taimaka wa haka, shi ya sa matsalar ta fi yawa ga mata.

Dabarar narkarwa ita ce a juya lissafin. A 1972 likitocin Asibitin Mayo a Amurka suka nuna cewa shan wani gishirin madaciya mai suna kenodiyol yana narkar da tsakuwar. Sai dai yana sa gudawa, yana kuma taɓa hanta. A 1975 aka samu rahoto daga Japan kan ɗan'uwansa ursodiyol, wanda a madaciyar dabbar beyar aka fara gano shi, kuma shi ake amfani da shi yau domin ya fi sauƙi a jiki. Yana rage kolesterol ɗin da hanji ke tsotsa da wanda hanta ke zubawa, sai ruwan madaciya ya samu sarari, ya riƙa lasar tsakuwar daga waje, kaɗan-kaɗan. Kimanin milimita ɗaya a wata. Ke nan wata shida zuwa shekara biyu mutum na haɗiyar ƙwaya kullum.

Ga kuma sharuɗɗa. Tsakuwar ta zama ƙarama, wadda ba ta wuce milimita 5 ba ta fi saurin tafiya. Kada kalsiyam ya rufe ta, domin in ya yi mata ɓawo magani ba ya ratsawa. Madaciyar kuma ta zama tana matsewa yadda ya kamata. Bayan duk wannan wahala, kusan rabin waɗanda tasu ta narke sai ta dawo cikin shekara biyar, tunda hantar ba ta canja hali ba. Wannan ne ya sa tun da aka fara cire madaciya ta ƙananan huji a Jamus a 1985, likitoci suka fi karkata ga tiyata, suka bar ƙwayar ga wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba. Mutum na rayuwa lafiya ba madaciya.

Mu a nan akwai abin da ya fi shafarmu. Masu cutar sikila, da suke da yawa a Arewa, tsakuwarsu yawanci ba ta kolesterol ba ce. Baƙa ce, daga sinadarin da jajayen ƙwayoyin jini ke bari in sun fashe take samuwa. Ursodiyol ba ya narkar da ita ko an shekara goma ana sha.

Masu tallar haɗin man zaitun da lemon tsami kuwa, da ke cewa dare ɗaya tsakuwa za ta fito, an taɓa bincikar korayen dunƙulen da ke fita a bayan gida. Rahoton da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2005 ya nuna man da aka sha ne ya dunƙule a hanji. Tsakuwar tana nan inda take.

Tsakuwar da ba ta ciwo, galibi likita kan ce a ƙyale ta. Amma in ciwo ya turnuƙe a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga zazzaɓi ko idanu sun yi ɗorawa irin na shawara, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti a ranar.