Firijin Kanti Mai Buɗaɗɗen Gaba: Kasuwarsa Da Abin Da Yake Ci

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan zamani na Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, ya doshi sashen madara da yogot da lemon kwalba, zai tarar da wani dogon firiji jingine da bango, mai kantoci hawa huɗu ko biyar, wanda ba shi da ƙofa balle murfi. Mai saye yakan miƙa hannu ne kawai ya ɗauki abin da ya ga dama, sanyi yana bugun ƙafafunsa. Wannan shi ne firiji mai buɗaɗɗen gaba, kuma a bayansa akwai ciniki na miliyoyin daloli da manyan kamfanonin duniya ke kokawa a kansa. Ga ɗan kasuwar Nijeriya kuwa, wanda ke shirin buɗe kanti ko faɗaɗa wanda yake da shi, tambayar da ke gabansa ita ce ko wannan na'ura za ta iya biyan kuɗin wutar da take sha.

Da farko ya kamata a fahimci yadda abu marar ƙofa yake riƙe sanyi. A saman firijin, daga bakin gaba, akwai wata siririyar raga mai kama da saƙar zuma, wadda fanka ke huro iska mai sanyi ta cikinta zuwa ƙasa. A gindinsa kuma akwai wata ragar da ke zuƙe iskar ta mayar da ita ciki, a sake sanyaya ta. Iskar nan da ke gangarowa ita ce ke tsayawa a matsayin ƙofa, shi ya sa masu sana'ar suke kiranta labulen iska. Sai dai labule ne da ba ya rufewa ruf. A kowane lokaci yana cakuɗuwa da iskar cikin kanti mai ɗumi da laima, wani sashe na sanyin ya zube a ƙasa, wani sashe na zafin ya shige ciki. Binciken injiniyoyi ya nuna cewa kimanin kashi 70 zuwa 80 daga cikin ɗari na aikin da injin irin wannan firiji yake yi, yana tafiya ne wajen yaƙi da iskar da ta kutso daga waje. Wato dai sanyin da mai saye yake ji a ƙafafunsa kuɗin mai kanti ne ke kwarara.

To, me ya sa 'yan kasuwa suka rungumi abin da ke da ɓarna haka? Amsar tana cikin tarihin kantin da mutum ke ɗaukar kaya da hannunsa. A shekarar 1916 ne Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, inda aka daina tsayawa a gaban kanta ana jiran yaron kanti ya miƙo kaya. Shekara guda bayan haka, a 1917, Harry Hussmann na birnin St. Louis ya yi rajistar akwatin baje kolin nama mai sanyi. Da tafiya ta yi tafiya, sai masu kantuna suka yi imani da cewa duk abin da ya shiga tsakanin hannun mai saye da kaya, ko da gilashi ne, yana rage ciniki. Mutum bai fito da niyyar sayen yogot ba, amma ya gan shi a jere cikin haske, ya miƙa hannu. Haka kuma ma'aikata sun fi saurin loda kaya, kuma mutum uku ko huɗu suna iya ɗiba a lokaci ɗaya ba tare da wani ya jira wani ya rufe ƙofa ba. A ƙasashen da wuta ke da araha, kuma yanayi ke da sanyi, wannan lissafi ya daɗe yana fita.

Kasuwar ta kasu gida biyu. Akwai firijin da injinsa ke jikinsa, wanda ake jona shi a soket kamar na gida. Shi ne ƙananan kantuna, da shagunan gidajen mai, da masu sayar da abincin tafi-da-gidanka suka fi saye, domin ba ya bukatar aikin kafawa, ko da yake zafin da yake fitarwa a cikin kantin yake zama. Akwai kuma wanda injinsa ke waje, a bayan gini ko a kan rufi, ana haɗa firiji goma ko fiye da bututu zuwa ɗakin inji guda. Wannan na manyan kantuna ne, ya fi tsada wajen kafawa, kuma sai da ƙwararren ma'aikaci.

Masu ƙera waɗannan kaya ba su da yawa, kuma a 'yan shekarun nan manyan kamfanonin Asiya sun yi ta saye su ɗaya bayan ɗaya. A 2016 kamfanin Panasonic na Japan ya kammala sayen Hussmann a kan dalar Amurka miliyan 1,545. A 2019 kamfanin Daikin, shi ma na Japan, ya sayi AHT na ƙasar Ostiriya a kan Yuro miliyan 881, a shekarar da Epta na Italiya ya sayi Kysor Warren na Amurka. A 2024 kuma kamfanin Haier na ƙasar Sin ya karɓi sashen firijin kantuna na Carrier a kan dala miliyan 775. Ban da waɗannan akwai Arneg na Italiya da Hillphoenix na Amurka, sai kuma ɗimbin masana'antun Sin da Turkiyya masu sassaucin farashi, waɗanda kayansu ke samun karɓuwa wurin ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwa.

Abin lura shi ne, a can inda aka ƙirƙiro wannan firiji, an fara juya masa baya. A babban kantin abinci, kayan sanyaya su ne ke cinye kusan rabin wutar da ake sha, saboda haka da farashin makamashi ya tashi, nan idanu suka fara komawa. A watan Janairu na 2012 manyan kantunan Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya da gwamnati, inda suka yi alkawarin sanya ƙofofi a kashi 75 daga cikin ɗari na firijinsu kafin 2020. Daga ranar 1 ga Maris, 2021, Tarayyar Turai ta wajabta manna wa firijin kantuna takardar shaidar shan wuta, daga matakin A zuwa G, kamar yadda ake yi wa na gida, abin da ya sa mai saye yake ganin bambancin mai ƙofa da marar ƙofa tun kafin ya biya. Wani bincike da aka gudanar a wasu kantunan Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2010, ya gano cewa buɗaɗɗen firiji ya fi mai ƙofar gilashi shan wuta da kimanin kashi 30 daga cikin ɗari, kuma sanya ƙofar bai rage cinikin kayan ba. Wannan ya raunana tsohuwar hujjar da aka daɗe ana dogaro da ita.

Duk da haka buɗaɗɗen firiji bai mutu ba. Masu ƙera shi sun ƙara masa labulen dare, wanda ake saukewa idan an tashi kanti, da fitilun LED marasa zafi, da fankoki masu ƙarancin shan wuta. A Ingila ma, kantunan Sainsbury's sun ɗaura wa bakin kantocinsu wasu 'yan fika-fikai da aka tsara da taimakon injiniyoyin motocin tsere na Williams, domin su riƙa mayar da labulen iska ciki. A filayen jirgin sama, da tashoshin jirgin ƙasa, da duk wurin da mutane ke sauri, har yanzu shi ake so.

Idan aka dawo gida, kantin zamani ba baƙo ba ne a Nijeriya. Kingsway ya buɗe a Legas tun 1948, kuma dattawa ba su manta da Leventis da UTC ba, kafin matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya durƙusar da su. Zuwan Shoprite a Lekki cikin 2005, da kuma Spar bayansa, shi ya sake farfaɗo da harkar, har aka ga dogayen layukan firiji irin na Turai a manyan biranenmu. Amma a 2021 uwar kamfanin Shoprite ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Nijeriya ga masu zuba jari na cikin gida, kuma a watan Janairu na 2024 aka rufe reshensa na Kano da ke rukunin shagunan Ado Bayero. A gefe guda kuwa kantunan 'yan ƙasa, irin su Sahad da Jifatu a Arewa, da ɗaruruwan matsakaitan kantuna na unguwanni a ko'ina cikin ƙasa, suna ta cin kasuwarsu. Masu irin waɗannan kantuna su ne za su yi wa kansu lissafi, kuma abu uku ke jiransu.

Na farko yanayi ne, kuma shi ne wanda dillalai ba su cika ambata ba. Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 23953, wanda ya kasa firijin kantuna aji-aji gwargwadon yanayin da aka gwada su a ciki. Galibin buɗaɗɗun firiji 'yan aji 3 ne, wato an gwada su a ɗaki mai zafin digiri 25 a ma'aunin santigireti da laimar kashi 60 daga cikin ɗari. Aji 4 shi ne digiri 30 da laimar kashi 55, aji 5 kuma digiri 40 da laimar kashi 40. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin bazara yakan haura digiri 40. A Legas da Kalaba kuwa laimar damina takan wuce kashi 80. Firijin aji 3 da aka ajiye a kantin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ba zai riƙe madara a ƙasa da digiri 5 ba, komai sabuntarsa. A Kudu laima za ta daskare a kan bututunsa ta toshe hanyar iska, ruwa ya riƙa ɗiga a ƙasa. A Arewa ƙurar hunturu za ta like ragar da ke fitar da zafi, inji ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Ko fankar sama da ke kaɗawa kusa da shi, ko ƙofar shiga da ke fuskantarsa, ta isa ta yaye labulen iskar. Ashe ke nan wanda ya sayi wannan firiji ya ɗaukar wa kansa sanyaya kantin baki ɗaya, daga buɗewa har tashi.

Na biyu kuɗin wuta. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki, wato NERC, ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, kafin farashin ya koma Naira 209.50 a watan Yuli na shekarar. A ƙaddara cewa firiji guda yana shan yunit 30 a rana; a wancan farashi na Yuli, Naira 6,285 ke nan kullum, wato fiye da Naira 188,000 a wata, ban da na'urar sanyaya ɗaki, ban da man dizal, wanda litarsa ta haura Naira 1,000 a shekarar 2024. Kwalban yogot nawa za a sayar kafin ribarsu ta toshe wannan rami? Ga kuma abin da Bature bai sa a lissafinsa ba, wato ɗaukewar wuta. Firiji mai ƙofa yakan riƙe sanyinsa na ɗan lokaci kafin a tada janareta. Buɗaɗɗe kuwa, da zarar fanka ta tsaya labulen ya faɗi, kaya suka fara ɗumi nan take. Madara da nama da suka yi ta hawa da sauka tsakanin sanyi da ɗumi sukan lalace kafin ranar da aka rubuta a jikinsu, kuma a nan batun ya wuce na riba ya shafi lafiyar jama'a da sunan kanti.

Na uku canjin kuɗi da iskar gas da ke cikin injin. Da yake daga waje ake shigo da akasarin waɗannan kaya, faɗuwar darajar Naira, daga kimanin 460 a kan dala kafin watan Yuni na 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta ninka farashinsu da na kayan gyaransu. Wannan ya sa wasu ke karkata ga na hannu, alhali tsofaffin firiji da injinansu sun daɗe a cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su. Ko da an bar maganar doka, akwai tarko a ciki. Yawancin tsofaffin firijin kantuna suna aiki ne da gas mai lamba R404A, wanda ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na hayaƙin kabon sau 3,922, kuma tun 2020 Turai ta hana sayar da sababbin kayan da ke amfani da shi. Nijeriya ta amince da gyaran Kigali na 2016 ga Yarjejeniyar Montreal, wanda ya tanadi cewa ƙasashe irin namu su tsayar da ƙaruwar irin wannan gas daga 2024, su rage kashi 10 daga cikin ɗari a 2029, har a kai ragin kashi 80 a 2045. Duk gas ɗin da ake rage shigowarsa kuwa, tsada zai yi ta yi. Sababbin firiji masu inji a jiki sun koma amfani da R290, wanda dangin gas ɗin girki ne. Yana da sauƙin shan wuta kuma yana jure zafi, sai dai yana kamawa da wuta, don haka ba kowane mai gyaran firiji na bakin hanya ne za a bari ya kusance shi da wutar walda ba.

A ganinmu, wurin da buɗaɗɗen firiji ya dace da shi a ƙasar nan ƙanƙane ne: kanti mai sanyaya ɗaki dare da rana, mai wuta tabbatacciya, mai cinikin da kaya ba sa kwana a kanta, kuma gara a keɓe shi ga kayan marmari, da ganyaye, da lemon kwalba, waɗanda ɗan ɗumi ba ya yi musu illa nan da nan. Nama, da kaji, da madara, da kindirmo, bayan ƙofar gilashi ya fi musu. Wanda kuma ya riga ya saya, ba lallai ne ya zubar ba; ana iya ɗaura wa yawancinsu ƙofofi daga baya, muddin za a kira ƙwararre ya sake daidaita injin, domin aikin da zai riƙa yi ya ragu ƙwarai. Mai shirin saye kuwa, kafin ya yi ciniki, ya nemi a nuna masa farantin da ke manne a jikin firijin, inda aka rubuta ajin yanayinsa da irin gas ɗinsa, ya nemi takardar da ta faɗi yawan yunit ɗin da yake sha a awa 24, sannan ya tabbatar da cewa dillalin yana da ma'aikacin gyara da kayan gyara a garin da kantin yake.