Sankarar da ta ɓace, da likitan da ya bi sawunta

A shekarar 1968 aka kawo wani tsohon soja ɗan shekara 63 asibitin West Roxbury da ke jihar Massachusetts a Amurka, yana fama da ciwon matsarmama. Matashin likitan da ya karɓe shi, Steven Rosenberg, ya buɗe tsohon fayil ɗinsa, sai ya ga abin da hankali ba ya ɗauka. Shekara 12 kafin nan an yi wa mutumin nan tiyata, an cire fiye da rabin tumbinsa saboda sankara, an kuma tarar ta riga ta kama hanta. Likitoci suka sallame shi ya je gida ya jira ajali. Ga shi kuma ya dawo da ƙafarsa. Da Rosenberg ya buɗe cikinsa, ya laluba hantar da hannunsa, bai ji ko ɗigon ƙari ba.

Ba wani magani aka ba shi ba. Jikinsa ne ya cinye cutar. Rosenberg ya ɗibi jinin mutumin ya ƙara wa wani mai irin ciwon, bai yi amfani ba, mara lafiyar ya rasu. Amma tambayar ta riga ta kama shi.

A 1974 ya zama shugaban sashen tiyata a Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Bethesda, ya duƙufa kan fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke tsaron jiki. Marasa lafiya 66 a jere aka gwada wa hanyoyinsa, babu wanda ya tashi. Ni dai a nan nake jinjina masa, domin ba kowane likita ba ne zai yi ta'aziyya sau 66 ya sake shiga ɗakin gwaji. Ta 67 ita ce Linda Taylor, jami'ar sojan ruwa, wadda sankarar fata ta bazu a jikinta. A ƙarshen 1984 aka ba ta sinadarin IL-2 mai zaburar da sojojin jiki, tare da ƙwayoyin jininta da aka rena a waje. Ta sha wuya ƙwarai, ruwa ya cika mata huhu. Bayan 'yan watanni ƙarin ya narke, ta koma bakin aikinta.

Sankarar jini ta fi saurin miƙa wuya ga irin wannan magani. Mai dunƙulewa kuwa, ta nono ko hanji ko fata, kamar gari ne mai ganuwa: sojoji kaɗan ke kutsawa, waɗanda suka shiga ma sai a galabaitar da su. Dabarar Rosenberg ita ce a yanko ƙarin, a tsamo waɗancan 'yan kaɗan da suka gane abokin gaba, a hayayyafa su zuwa biliyoyi, a mayar wa mai su ta jijiya. Haka aka yi wa Judy Perkins ta Florida a 2015, bayan sankarar nono ta ƙi jin duk wani magani, ta kuwa warke sarai. A Fabrairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Amtagvi, magani na farko irin wannan, don sankarar fata. A gwaji, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ƙarinsa ya ragu. Kuɗinsa a 2024 dala 515,000 ne.

A Maiduguri kuwa labarin daban ne: a watan Satumbar 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye garin, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri har cibiyar sankara, inda marasa lafiya daga Borno da Yobe da maƙwabtan ƙasashe ke zuwa neman magani. Da yawansu sai ciwo ya ci jiki suke isowa, bayan gyambon tafin ƙafa ko kumburin nono ya daɗe ana masa shafe-shafe a gida.