Hutun Sanyi: Amarya Ta Ce Turai, Ga Wurno A Bayan Gida

Daga wakilinmu a Sakkwato

Sanyi ya shigo, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayansa a ƙasar Hausa. An gama kaka, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai bukukuwan aure ta ko'ina. Daga Disamba zuwa Janairu da wuya mako ya wuce ba ka ji guɗa a unguwarku ba. To, da zarar 'yan biki sun watse an kwashe tabarmi, sai wata magana ta taso a ɗakin amarya, wadda iyayenmu ba su san ta ba: ina za a je hutun amarci?

Mai karatu, tambayi duk wata budurwa da ta tashi da kallon finafinan Indiya, za ta faɗa maka amsar tun kafin ka rufe baki. Turai ta ke so. Ta na son ta ga kanta cikin rigar sanyi, ƙanƙara na zuba, ita da angonta su na yawo a wani tsohon birni mai gine-ginen dutse, su na ɗaukar hotuna a bakin gada. Kuma ba laifinta ba ne. Fim ne ya koya mata.

Yadda Indiyawa su ka saida mana Turai

Duk wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya ga yadda Shah Rukh Khan da Kajol su ka tashi daga Landan su ka ratsa Turai a jirgin ƙasa, har su ka ɓace a tsaunukan Siwizalan. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998, babbar waƙar fim ɗin a Sikotilan aka ɗauke ta, gaban tsofaffin fadojin sarakuna. Shi kuwa Hum Dil De Chuke Sanam na 1999, wanda Salman Khan da Aishwarya Rai da Ajay Devgan su ka fito, an ce wa 'yan kallo Italiya ce, alhali a birnin Budafes na ƙasar Hungari aka yi ɗaukar. A 2011 Ranbir Kapoor ya je Firag, babban birnin ƙasar Cek, a fim ɗin Rockstar.

Me wannan ya jawo? Indiyawa masu sabon aure su ka riƙa tururuwa zuwa wuraren da su ka gani a fim. Har ta kai mutanen Siwizalan sun sa wa wani jirgin ƙasa sunan furodusa Yash Chopra a 2011, sannan a 2016 su ka kafa mutum-mutuminsa a garin Intalaken. Ka ji aikin kyamara ke nan. Inda ta leƙa, nan zuciyar ɗan kallo ke zuwa, ƙafarsa kuma ta bi baya.

Sai dai ga ango ɗan Nijeriya, abin ba wasa ba ne. Kuɗin neman bizar ƙasashen Tarayyar Turai kaɗai ya koma Yuro 90 ga mutum ɗaya tun daga Yunin 2024, kuma idan an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Ba a yi maganar fasfo ba, da tikitin jirgi, da otal, da takardun banki da za su nuna cewa za ka dawo. Ango da ya gama biyan sadaki da lefe, ya ke jiran a zo karɓar bashin kayan ɗaki, ina ya ga wannan?

Tafiyar yini ɗaya daga Rara

Mu ɗauki misali. A ce ga ango da amarya a garin Rara, cikin ƙaramar hukumar Rabah. Amarya ta marairaice ta ce, “Maigida, yaushe za ka kai ni irin garin da mu ke gani a fim, mai tsohon tarihi?” Idan angon ya san ƙasarsa, murmushi kawai zai yi ya ce, “Amarya, ɗauko mayafinki da rigar sanyi, gobe da sassafe za mu tafi.” Domin garuruwa uku da ke kewaye da su, Rabah da Wurno da Goronyo, sun isa su cika wa mutum yini guda da kallo.

Sanyin ma akwai shi. Wanda ya taɓa kwana a gabashin Sakkwato cikin Janairu ya san ba a ba shi labari. Da asuba hazo ya rufe gari, ruwan randa kamar ƙanƙara, leɓe ya tsage, yara sun kewaye wutar kara su na jin ɗumi. Sai wajen hantsi rana ta ke leƙowa, ita ma a sanyaye.

Zangon farko Rabah ne. A nan aka haifi Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a 1910. Mahaifinsa shi ne hakimin garin, kuma shi ma an naɗa shi hakimin Rabah a 1934, kafin ya zama Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Idan amarya labarin soyayya ta ke so, a ba ta na uwargidansa Hafsatu, wadda ta tsaya tare da mijinta a daren 15 ga Janairu, 1966, lokacin da sojoji su ka afka gidansa a Kaduna, aka kashe su tare. Wane marubucin fim ne zai ƙirƙiro ƙarshen labari da ya fi wannan taɓa zuciya?

Wurno, birnin Bello

Daga nan sai Wurno, wadda ita ce zuciyar tafiyar. Garin na arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a kan tudu, ya na kallon fadamar Gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi a ƙarshen shekarun 1820. Ribaɗi gari ne da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma, su tsare ƙasa daga farmakin abokan gaba, su na karatu su na noma. Bello ya hau mulki a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa, ya shekara ashirin a kai, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a Wurno. A nan Allah ya yi masa rasuwa a watan Oktoba na 1837, a nan kuma hubbarensa ya ke har gobe, mutane na zuwa ziyara. Sardaunan da mu ka baro garinsa ɗazu tattaɓa-kunnen Bello ne, ka ga zango na farko da na biyu gida ɗaya ne.

Bello sarki ne, mayaƙi ne, kuma marubuci. Littafinsa Infaƙul Maisuri na daga cikin manyan madogarar masu binciken tarihin jihadi, kuma ya yi rubuce-rubuce kan mulki da kan magunguna. Shekara ɗaya kafin rasuwarsa, a 1836, shi da kansa ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a yaƙin Gawakuke. Bayansa, ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya mayar da Wurno mazauninsa, har ta zama kamar ita ce babban birnin daula.

Ga kuma wani abin da ya kamata amaryar Rara ta ji. A wannan gari wasu ma'aurata su ka taɓa zama waɗanda tarihi bai manta da su ba: Nana Asma'u, 'yar Shehu, da mijinta Waziri Gidaɗo ɗan Lema, aminin Bello. Shi ya na riƙe da wasiƙu da baƙin daula, ita kuma ta na rubuta waƙoƙin ilimi da Larabci da Fulfulde da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa wa mace malfa a kira ta jaji, ta riƙa jagorantar matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. Miji da mata, kowa malami, kowa na taimakon ɗan'uwansa. Idan ana neman misalin zaman aure da za a nuna wa matasa a fim, ga shi nan an ajiye mana kyauta.

Abin dariyar ma shi ne, tun kafin mu fara mafarkin zuwa Turai, Bature ya yi tattaki daga Turai don ya ga Wurno. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso garin a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya yi makonni a ciki, ya sake biyowa a 1854 a kan hanyarsa ta dawowa daga Tumbutu. Da ya koma gida ya rubuta abin da ya gani a littafinsa mai juzu'i biyar. Mutum ya ratso Sahara a kan raƙumi don ya ga abin da mu ba mu iya hawa mota mu je mu gani ba. Kai, jama'a!

Kafin a bar Wurno, a gangara fadama. Lokacin sanyi ne ta fi kyau. Sama ta yi fari da hazo, ƙasa kuma kore shar da albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafar rani. Ango ya saya wa amarya tafarnuwar Wurno, tsarabar da uwar miji za ta fi murna da ita a kan kowane cakulan na Turai.

Zango na ƙarshe shi ne madatsar ruwa ta Goronyo, a kan Gulbin Rima. An kammala gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya haura kilomita 12, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 mai kusurwa huɗu ta kowane gefe, wato dai tafki ne da ido ba ya ganin ƙarshensa. Daga nan ake sakin ruwan da birnin Sakkwato ke sha da wanda manoman rani ke ban-ruwa da shi. Mutanen yankin ba su manta ambaliyar Satumba ta 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje. Amma ranar da ruwan ya ke kwance, da la'asar, masunta na dawowa a kwalekwale, rana ta yi ja cikin hazo, wallahi ba ka buƙatar wani fenti a hoton.

To, ina 'yan fim ɗinmu?

Nan ne gizo ke saƙar. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi dubban finafinan Hausa. Mun ga Dutsen Dala, mun ga Tiga, mun ga duwatsun Jos har mun haddace su. Masu kuɗin cikin furodusoshi kuma sun kwashi jarumai zuwa Dubai. Amma ka tambayi ɗan kallo a Kano ko Maraɗi ya siffanta maka Wurno, sai ya yi shiru. Finafinan tarihi da za a iya ƙirgawa ba su da yawa. Akwai Shaihu Umar na marigayi Adamu Halilu a 1976. Akwai Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, ya fito a Netflix a 2021, shi ma da Turanci aka yi shi. Labarin Bello, da na Asma'u da Gidaɗo, da na Hafsatu, duk su na nan su na jiran mai ɗauka.

Ba mu ce a kai rawa da waƙa hubbare ba, Allah ya kiyaye. Wurin ziyara ne, ana shiga da ladabi, a cire takalmi, a yi addu'a a fito. Duk daraktan da ke son ɗaukar wani abu a garin, ya fara zuwa fadar Sarkin Sudan na Wurno ya yi gaisuwa ya nemi izini, ya kuma zauna da malamai da masana a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato kafin ya rubuta ko layi ɗaya. Fitar da mutane masu daraja irin waɗannan a fim abu ne mai nauyi, sai da shawarar zuriyarsu. Amma ba dole sai fim ɗin tarihi ba. Labarin ango da amarya na yau, waɗanda su ka je ziyara su ka ji tarihin garin daga bakin wani dattijo, ya isa ya sa 'yan kallo su so zuwa. Masu ɗaukar hoto kuma sun san hasken hunturu ya na da taushi, ba ya ƙona fuskar jarumi kamar ranar bazara. Ƙura ce kawai matsala, sai a riƙa rufe kyamara.

Maganar da ba a so a faɗa

Dole mu faɗi gaskiya, ko da ba daɗi. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. A Yulin 2018 an kai mummunan hari ƙauyen Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, jama'a su ka gudu zuwa Gandi. A Oktoban 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane fiye da 40 su ka rasa rayukansu. Ƙauyuka da dama a Rabah da Wurno da Goronyo sun ga satar shanu da satar mutane. Don haka duk angon da ya karanta wannan ya ji sha'awar tafiya, kada ya ɗauki 'yar mutane ya kama hanya haka kawai. Ya tambayi direbobin tasha da mutanen garin halin da hanya ke ciki a ranar, ya fita da hantsi, ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kada ya ratse daji. Idan aka ce masa hanya ba kyau, ya haƙura, ya kai amarya Hubbaren Shehu da Gidan Tarihi a cikin birnin Sakkwato, Wurno na nan ba inda za ta.

Abin takaici ne a ce garin da aka kafa don ya tsare jama'a, yau shi ke neman mai tsare shi. Kuma wannan na daga cikin dalilan da su ka sa mu ke kira ga 'yan fim. Garin da duniya ba ta san fuskarsa ba, ko an kai masa hari labarin ba ya wuce layi biyu a rediyo. Garin da mutane su ka gani su ka so, kukansa ya fi saurin kaiwa kunnen hukuma. Yaran Rara da Rabah da ke kallon fim a waya sun san titunan Mumbai da Landan. Ya kamata wata rana su ga fadamarsu a allo, su nuna da yatsa su ce ga garinmu nan.

Furodusoshi, daraktoci, marubuta, musamman 'yan Sakkwato, ƙalubale gare ku. Ku kuma angwaye da amaren bana, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, amin.